Wayar da za ta tsinke a Mayu tun Fabrairu take nuna alama

Mu daina haɗa abu biyu wuri guda. Akwai ɗauke wuta don kuran ɗin bai ishi kowa ba, a riƙa rabawa unguwa-unguwa. Akwai kuma pan: wani abu ya ƙone ko ya tsinke a kan layi, Damagaram ta kwana cikin duhu, ma'aikata na bin daji suna laluben allura cikin ruwa. Na biyun nan shi ke ƙona rai, domin yawancinsa sakaci ne ake laƙaba wa ƙaddara.

Wutar da ake sayowa daga Najeriya tana tasowa daga Katsina kan layin kilobolt 132, ta faɗo garin Gazawa, reshe ya yi Maradi, reshe ya yo Zinder, wato Damagaram. Turakun ƙarfe kusan uku ne a kowane kilomita, kowane na rataye da jerin farantan gilas masu raba waya da ƙarfe, wajen tara ko goma a jeri. Duk hunturu ƙura na kwanciya a kansu. Muddin a bushe take ba ta ɓarna. Ranar da yayyafin farko ya jiƙa ta bai wanke ta ba, sai ta zama hanya, wuta ta tsallake faranti ta kama ƙarfe, layi ya faɗi. Shi ya sa da hadari ya haɗo a gabas kowa ke rugawa cajin waya. Tabon ƙunar nan da tsagewar faranti galibi ta sama suke. Mutumin da ke tsaye a gindin turke, ko da madubin hangen nesa, cikin faranti kawai yake gani.

To ina wahalar tada jirgi marar matuƙi? Mutum biyu da mota ɗaya sun isa: mai tuƙi da mai sa ido. Batirin jirgin na yin kamar minti 30, zafi kuma na rage shi, don haka a tafi da shida ko takwas, a ajiye su a inuwa. Minti goma zuwa goma sha biyar ya ɗauki hoton turke ɗaya: farantai ta sama, wayar kariyar tsawa, kusoshin da suka kwance, sheƙar tsuntsaye, ƙarafan da ɓarayi suka kunce, da gindin da korama ta zaizaye. Kada a matsa kusa da waya, domin maganaɗisun layin na rikita masa alƙibla; a tsaya nesa a jawo hoto. Da safe ake yi, kafin iska ta taso.

Babban aikin ma na kyamarar zafi ne. Duk inda aka haɗa waya da waya, in maƙalar ta saki ko ta yi tsatsa, wurin na ɗumi fiye da sauran. Ɗumin na ƙara cin ƙarfen, ƙarfen na ƙara ɗumi, watanni ana haka, har ranar da zafi ya haura digiri 40, kowa ya kunna fanka da firiji, sai mahaɗar ta narke. Kyamarar na nuna wannan tun yana ƙarami. Amma sai layi na ɗauke da kaya, aƙalla kashi 40 cikin ɗari na abin da yake iya ɗauka. Wanda ya auna da tsakar rana, ko cikin iska mai ƙarfi, ko lokacin da aka ɗauke wa rabin gari wuta, zai dawo ya ce lafiya lau, alhali ƙarya na'urar ta faɗa masa.

Jirgi mai saukar ungulu yana share dogon layi a yini guda, sai dai kuɗinsa ba na wasa ba ne. Ko sau ɗaya a shekara ya wadatar, ƙananan jiragen su yi sauran. Izinin tashi kuwa, kamfanin da ke riƙe da wutar ƙasa ba zai rasa shi ba in ya nema.

Kuma wallahi wani abin ba ya buƙatar jirgi. A zaga unguwannin Birni, Zango, Garin Malam da Kara-Kara: poto, wato turken wuta, ya karkace, waya ta sauko tana gogar reshen dogon yaro, tarasfo na tsiyayar mai. Makaho ne kawai bai gani ba. Garin da ruwansa ke zuwa da turin injin daga Arunguza da Gogo, in wuta ta tafi famfo ma ya bi ta. Mai walda ya zauna, mai ƙanƙara ya zubar da jari, faktir, takardar kuɗin wuta, kuma ta zo a kan lokacinta.

Hoton da aka kulle a kwamfuta ba ya ɗaure kusa ko ɗaya. A duba layin a Fabrairu da Maris, a rubuta lambar kowane turke da cutarsa, mahaɗar da ta yi zafi sosai a canza ta cikin mako, farantai a wanke ko a sauya kafin Mayu. In gyaran zai sa a yanke wuta awa huɗu, a sanar a rediyo kwana biyu kafin nan, a faɗi unguwa, a faɗi awa.