Mai alƙalami, wa kake rubuta wa, kuma da wane mudu kake awo?

Assalamu alaikum warahmatullah.

Wannan magana taku ce, 'yan'uwa maza da mata da Allah Ya hore wa alƙalami, kuke rubuta abin da zai tuna wa mutane Ubangijinsu. Ni ma cikinku nake, don haka duk wanda bulalar nan ta taɓa, ya sani ta riga ta sauka a bayana.

Na daɗe ina kallon yadda muka rabu gida biyu. Akwai wanda karatu ya zauna masa, rubutunsa kamar zuma, amma ya kulle shi a wani ɗan zauren WhatsApp da duk mutanen cikinsa ɗalibai ne irinsa, ko ya bar shi a ƙasan akwati gara tana jira. In ka ce malam a fito da shi mana, sai ya ce yana tsoron riya. Akwai kuma wanda ya fito ɗin, amma da zarar ya saki rubutu sai ya koma mai gadi. Minti biyar ya leƙa waya: mutum nawa suka dangwala, nawa suka tura gaba? In an yi yawa ya wuni da fara'a, in ba a kula ba ko tuwon dare ba ya shiga. Kowannensu na ganin ɗayan ne ya kauce hanya, alhali ciwo ɗaya ke damunsu: dukansu idonsu na kan mutane. An ruwaito daga Fudailu ɗan Iyadu cewa barin aiki saboda mutane riya ne, yin aiki saboda mutane shirka ce, ikhlasi kuwa shi ne Allah Ya tsare ka daga biyun.

Bari in fara da kai mai ɓoyewa, don kai ne kake ganin ka tsira.

Manzon Allah (SAW) ya ce: ku isar daga gare ni ko da aya ɗaya ce. Bai ce sai ka haddace Bukhari ba. Kuma dubi magabatanmu na nan gida. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara wa'azi yana ɗan shekara ashirin, tun kusan shekara talatin kafin hijirar Gudu ta 1804. Bai zauna a Ɗegel yana jiran a zo a same shi ba; ya shiga Kabi, ya shiga Zamfara ya yi shekaru a can, yana magana da mutane da Hausa da Fulatanci. Mutumin da ke iya tsara littafi da Larabci wanda malamai za su yi ta nazari, shi ne kuma yake zaunawa ya tsara waƙa da Fulatanci don makiyayin da bai taɓa riƙe allo ba. Da wani malami ya soke shi kan barin mata suna halartar wa'azinsa, ƙaninsa Abdullahi ne ya mayar da martani cikin waƙa, kuma hujjar a taƙaice ita ce barin su cikin jahilci ya fi muni.

'Yarsa Nana Asma'u kuwa, wadda ta rasu a 1864, ita ce take ba ni kunya duk sanda lalaci ya kama ni. Ta iya Larabci, tana musayar rubutu da manyan malamai. Da ta so, da ta tsaya nan, a yi ta yabonta a majalisun masana. Amma sai ta tambayi kanta: matar da ke ƙauye, mai daka da surfe da goyo, wa zai koya mata tsarki da salla? Sai ta tsara waƙoƙi da Hausa da Fulatanci, ta zaɓi mata dattijai masu hankali, ta naɗa kowacce jaji, a ba ta malfa a ɗaura mata jan ƙyalle. Jaji ta jagoranci 'yan taru, wato matan da ke neman karatu, daga ƙauyensu su zo wurin Nana Asma'u, su haddace waƙa, su koma su koyar. Babu wuta, babu mota, babu injin buga littafi. Bakin mata ne ya ɗauki karatun ya ratsa daji da shi. Kai kuma waya na aljihunka, abin da ka rubuta a Kano yanzu, kafin ka shanye shayinka ɗan'uwa na karantawa a Maraɗi ko a zangon Kumasi, amma ka ce kana jin nauyi.

Sai dai fita wajen mutane ba a danna maɓalli kawai ta tsaya ba. Da yawanmu mun fita da jiki, harshenmu na can cikin zaure. Za ka ga rubutu layi goma, shida Larabci ne ba fassara, sauran huɗun kuma Hausa ce irin wadda sai wanda ya karanta littafin fiƙihu na Risala zai gane. Wa aka yi wa wannan? In mun faɗa wa kanmu gaskiya, malamai 'yan'uwanmu muka rubuta wa, don su san mu ma muna nan. Allah Ya ce a Suratu Ibrahim bai aiko wani manzo ba face da harshen mutanensa, domin ya bayyana musu. Sayyidina Ali ya ce ku yi wa mutane magana da abin da za su gane. Kafin ka saki rubutu, ka karanta shi kamar kana karanta wa gwaggonka, ko ɗan acaɓan da ke kai ka kasuwa. Duk inda ka san za su ɗaga kai su ce “me?”, to wurin bai nuna ba tukuna.

Kada kuma ka manta da waɗanda boko bai ratsa su ba, ga su nan da yawa a gidajenmu. Karanta rubutun naka da murya, ka tura. Tsohuwar da ba ta bambance baƙi da wasali tana da kunne, kuma jikanta na da waya. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, bai ga takardar da aka rubuta waƙarsa a kai ba, amma Imfiraji ta shiga tasha da kasuwa da lungu a bakin masu rerawa, ta kai wa'azi inda littattafai masu kauri ba su taɓa leƙawa ba.

Wani abu ɗaya kafin in bar nan. Hadisin nan na “ku isar daga gare ni”, a ruwayar Bukhari, ƙarshensa cewa ya yi wanda ya yi mini ƙarya da gangan ya tanadi mazauninsa a wuta. Umarnin yaɗawa da gargaɗin ƙarya a numfashi ɗaya suka zo. Don haka hadisin da ba ka san inda ya fito ba, bar shi, komai daɗinsa, komai yadda ka san zai yi farin jini.

Yanzu sai kai mai gadin lambobi.

Annabi Nuhu (AS) ya zauna cikin mutanensa shekara 950 yana kira, dare da rana, a ɓoye da a bayyane. Alƙur'ani ya ce ba su yi imani tare da shi ba sai kaɗan. Manzon Allah (SAW) ya ba da labarin an nuna masa al'ummomi, ya ga annabi da 'yan mutane kaɗan, ya ga annabi da mutum ɗaya ko biyu, ya ga annabin da ba kowa tare da shi. Annabi guda, wahayi na sauko masa, ba mabiyi ko ɗaya! Wa zai buɗe baki ya ce ya faɗi? To ashe mudun da muke awo da shi ba na can ba ne. A ranar Khaibara, da Manzon Allah (SAW) ya miƙa wa Ali tuta, ce masa ya yi Allah Ya shiryar da mutum ɗaya ta hanyarka ya fi maka jajayen raƙuma, dukiyar da Larabawa suka fi ji da ita a lokacin. Mutum ɗaya. Kai kuma mutum talatin sun karanta, kana cewa rubutun bai tafi ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne hadisin Abu Huraira a Sahihu Muslim game da mutum uku da za a fara yi wa hukunci. Ɗayansu ya nemi ilimi, ya koyar, ya karanta Alƙur'ani. Za a ce masa ƙarya kake, ka yi ne don a ce malami, kuma an faɗa. A ruwayar Tirmizi sai da Abu Huraira ya yi ta suma kafin ya iya faɗar hadisin. “An faɗa.” Wato ladanka ka riga ka karɓe tun a duniya. Ina gudun kada lambobin nan da muke ƙirgawa a ƙasan rubutu su zama su ne “an faɗa” ɗinmu.

Kuma kun san abin da ke tara jama'a da sauri: raddi. Kama sunan wani malami ka yi kaca-kaca da shi, kafin la'asar ka ga cincirindo. Rubuta yadda ake wankan janaba, sai ka ji tsit. Idan yawan jama'a ne mudunka, sannu a hankali alƙalaminka zai koyi inda kasuwa take ci, ya riƙa kai ka can ba da shawararka ba. Na ga masu rubutu nagari da suka fara da hadisi suka ƙare da habaici.

Ana ruwaito cewa da Imamu Malik yake tsara Muwaɗɗa, an ce masa ai wasu ma sun rubuta irinsa, sai ya ce abin da aka yi don Allah shi zai wanzu. Imamu Nawawi shekara 45 kacal ya yi a duniya, ya rasu a 676 bayan Hijira, amma yau da wuya ka shiga Islamiyya ba ka ji yara na rera hadisan Arba'una ba. Ahalari fa? Ɗan siririn littafi ne da wani malamin Aljeriya ya rubuta ɗaruruwan shekaru da suka wuce, kan tsarki da salla da gyaran rafkanuwa. Mutum nawa a ƙasar Hausa suka gyara sallarsu da shi? Mai shi yana kabari, aikin na tafiya, kuma wannan shi ne ilimin da ake amfana da shi wanda hadisi ya ce ladansa ba ya yankewa.

Ba ina cewa kada ka sayar da littafinka ba. Takarda da kuɗi ake saye, maɗaba'a ba ta karɓar addu'a, iyali kuma na jiran cefane. Ka sa farashi, ka tallata, ka yi murna in an saya. Abin da nake cewa kada ranar da ba a saya ba ka ɗauka aikin ya ɓaci.

Akwai wani rubutu da na taɓa yi kan ƙabli da ba'adi. Na ɓata dare a kansa, na sake shi, ya wuce shiru kamar an jefa dutse a rijiya. Har na ce a raina ba zan ƙara irinsa ba. Bayan wata da watanni, a wurin wani ɗaurin aure, wani dattijo da ban sani ba ya kama hannuna, ya ce ɗansa ne ya karanta masa, kuma shekarunsa masu yawa in ya yi mantuwa a salla sakewa yake daga farko, bai san akwai sujadar gyara ba. Dattijon nan ba shi da Facebook. Ba ya cikin lissafin da na kwana ina dubawa ina jin haushi.

Tun daga ranar, in na gama rubutu nakan yi addu'ar karɓa, in sake shi, in kife wayar, ba na komawa kanta sai gari ya waye. Wani lokacin hannuna kan ci amanata kafin isha'i, ba zan ɓoye muku ba. Ku sa ni a addu'a.

Wassalamu alaikum.