Zama bakin teku ba shi ne yawan ruwan sama ba

Duk wanda ka gaya wa kana zaune a Akra, babban birnin Gana, abu na farko da zai ce maka shi ne ai ku can ruwa ba ya ɗauke muku. Mutanenmu na arewa sun riga sun sa a ransu cewa da zarar ka gangaro kudu ka hango teku to shi kenan damina ce daga farkon shekara har ƙarshenta. Jama'a ba haka abin yake ba fa. Garin nan teku na gabansa amma ruwan da yake samu a shekara wajen milimita 700 zuwa 800 ne, kusan abin da Kano ke samu ke nan, wata shekarar ma Kano ta ɗara shi. Ka fita bayan gari ta gabas ka ga filayen ciyawa da gajerun itatuwa sai ka rantse ba a kudu kake ba.

Inda muka sha bamban da arewa shi ne lokacin da ruwan ke zuwa. A arewa damina ɗaya ce, ta kama wajen Yuni ta yi ƙarfi a Agusta ta ja jiki a Satumba, daga nan sai kuma baɗi in da rai. Nan kuwa damina biyu ce. Babbar tana farawa wajen Maris ko Afrilu ta kai ƙololuwa a Yuni, sai kuma ƙarama a Satumba zuwa Nuwamba wadda ba a cika dogara da ita ba, wata shekarar ta yi kirki wata shekarar ta ɗan leƙo kawai. To tsakaninsu akwai Agusta, kuma wlh wannan wata shi ne ya fi rikita baƙo. Lokacin da a arewa ake marka, gini na ƙasa na zubewa, Kano na ɗaukar milimita 250 ko fiye a wata ɗaya, nan Akra sama a lulluɓe take da gajimare mai launin toka, iska mai sanyi na kaɗawa, kullum kana cewa yau dai za a yi ruwa amma shiru, sai ɗan yayyafi da ko ƙura ba ya kwantarwa.

Dalilin ba wani boyayye ba ne. Akwai layin da iskar teku mai danshi ke haɗuwa da busasshiyar iskar Sahara, layin nan yana hawa arewa yana dawowa kudu kowace shekara, kuma ruwa na bin bayansa. A Agusta ya yi nisa can arewa ya tafi da ruwan. Kenan ya ratsa bakin teku sau biyu, da tafiya da dawowa, shi ya sa damina biyu ce a nan, arewa kuma can ƙarshen tafiyarsa take, sau ɗaya yake zuwa mata. Sannan daga Yuli zuwa Satumba ruwa mai sanyi yana tasowa daga ƙasan teku a gaɓar Gana, saman tekun ya yi sanyi, iskar da ke kansa ta kasa tashi sama ta haɗa hadari. Ga kuma yadda gaɓar ta kwanta, daga Cape Three Points, wani tsinin ƙasa da ya kutsa teku a yammacin Gana, zuwa gabas iskar kudu maso yamma bin gefen gaɓa take yi maimakon ta afka cikin ƙasa. Shi ya sa Aksim da ke yammacin Gana ke samun wajen milimita 2,000 alhali ƙasa ɗaya ce da Akra, teku ɗaya. Lome ma busasshiya ce kamar nan. Legas ta ninka mu, amma ita ma tana da wannan ɗan hutu na Agusta. Masu ruwa na gaske su ne su Duwala da Konakiri da Monrobiya da ke haura 3,500, ga kuma Debundsha a gindin dutsen Kamaru da ke kai wajen 10,000, wannan kam sai dai a ce Allah ya ba su haƙuri.

Wani zai ce to in ruwan bai da yawa me ya sa kullum ake ganin ambaliyar Akra a labarai. Tambaya ce mai kyau kuma amsarta ita ce ta sa nake cewa a daina auna gari da jimillar shekara. Kaso mai tsoka na ruwan a Mayu da Yuni yake zuba, wani lokacin cikin dare guda, garin kuma shimfiɗe yake ƙasa ƙasa, ruwan tuddan Akwapim ya gangaro ta kogin Odaw zuwa tafkin Korle, kwatami cike da shara da yashi, an yi gini a kan hanyar ruwa, in aka yi rashin sa'a teku ta cika a lokacin ruwan ba shi da inda zai fita. Ranar 3 ga Yuni 2015 haka ta faru, mutane suka fake a wani gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, mai ya bi ruwa wuta ta kama, sama da mutum 150 suka rasu, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

In ka tambaye ni wanne ya fi, ni kam daminar arewa ta fi min tsari. Hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso, a zuba awa ɗaya ko biyu a ɗauke, gari ya waye rana ta fito komai ya bushe. Nan danshi ne ke cin mutum ko ba a ruwa, kaya su kwana biyu a igiya ba su bushe ba, takalmi ya yi furfura a cikin ɗaki. Hunturun ma in ya iso a Disamba ko Janairu ya riga ya gaji a hanya, ɗan hazo na 'yan makonni, amma za ka ga 'yan garin suna kukan leɓe ya tsage.