Tsoffin Taswirorin Gonakin Amurka da Ruwan da Suka Manta da Shi

Duk wanda ya jera tsoffin taswirorin filayen tsakiyar Amurka, daga Nebraska zuwa arewacin Texas, zai ga yadda masu zane suka daɗe suna kallon ƙasa suna kau da kai daga ruwa. Taswirar da ta biyo bayan tafiyar binciken ƙasa da sojan Amurka Stephen Long ya jagoranta a 1820 ta kira yankin babbar hamada. Daga baya masu safiyo suka yayyanka shi gida-gida kamar ramukan dara, dokar rabon filaye ta 1862 kuma ta ba kowane magidanci eka 160 a mafi yawan yankin, ba tare da an tambaya ko damina za ta riƙe gonar ba.

Masanin ƙasa John Wesley Powell ya yi wannan tambayar a rahotonsa na 1878, ya kuma nemi a tsara rabon filaye bisa ruwan da ake da shi, amma majalisar dokokin Amurka ta yi kunnen uwar shegu. A ganina nan aka tafka babban kuskure, domin taswirar mallaka ta rinjayi taswirar ruwa, kuma manoman da guguwar ƙura ta kora daga gonakinsu a shekarun 1930 su ne suka ɗanɗana kuɗarsu.

Abin da ya rufa wa kuskuren asiri shi ne ruwan Ogallala, wanda ke kwance ƙarƙashin jihohi takwas. Bayan wani manomi, Frank Zybach, ya yi rajistar injin ban-ruwa mai juyawa da ya ƙirƙira a 1952, hoton yankin ya sauya. A hotunan tauraron ɗan Adam na gundumar Finney da ke Kansas, za ka ga koren da'ira kamar faifai a cikin kowane gida, kusurwoyi huɗu kuma a bushe, inda bututun bai kai ba. Abin gwanin kyau ne, sai dai taswirorin hukumar binciken ƙasa ta Amurka sun nuna cewa a wasu sassan Texas da Kansas ruwan ya yi ƙasa da fiye da mita 45, alhali abin da damina ke mayarwa bai taka kara ya karya ba.

Manoman wani yanki na gundumar Sheridan da ke Kansas sun amince tun 2013 su rage ruwan da suke ja da kusan kashi 20 cikin ɗari, kuma noma bai tsaya ba. Ya kamata hukumomin filaye da bankunan da ke ba da bashin haƙa rijiyar burtsatse su riƙa shimfiɗa taswirar zurfin ruwa kusa da ta iyakar gona kafin su sa hannu a kan sabuwar rijiya.