A ƙyale wa 'yan kasuwar Dole littafinsu na bashi

Wani sabon salo ya shigo Damagaram: samari masu ji da ilimin zamani suna bin kantuna suna wa'azin a jefar da kaye da bik, a zuba lissafin bashi cikin salula. Mai kantin da ya ƙi sai a yi masa kallon baƙauye. Abin ya fara isa ta.

Masu wannan wa'azi sun yi saurin mantuwa. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar da take ba mu, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin ƙasar nan daga can yake zuwa. Sai a Maris na 2024 aka maido da ita. A watannin nan mutanen Birni da Zango da Sabon Gari sun sha biyan kuɗi wajen masu janareta don a sa wa waya caji. Wanda lissafinsa ke cikin waya sai ya jira ta farfaɗo kafin ya san nawa yake bin mutane. Mai kaye kuwa buɗewa kawai yake yi, ko da hasken tocila ne. Kuma har gobe, idan zafin Afrilu ya kankama, kowa ya san halin kuran, wato wutar lantarki, a garin nan.

Amma wuta ma ƙaramar magana ce. Bashi amana ce tsakanin mutum biyu, shi ya sa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ta yi umarni a rubuta shi a kafa shaidu. A littafi, mai karɓar tiya biyu ta hatsi yana tsaye ake rubutawa, ran da ya biya a gabansa ake soke layin. Idan aka goge wani abu, tabon gogewar yana nan. A waya fa? Mai ita kaɗai ke gani, ya mai da jikka biyar ta zama goma ba tare da wata alama ba. Sannan a yi tunanin ranar da Alhaji ya cika: magada su buɗe kaye, a biya na biya, a karɓo na karɓa, a raba gado. In lambar sirrin waya ta tafi kabari da shi, marayu ne za su yi asara.

Ga kuma dattawanmu da ke rubutu da ajami tun suna makarantar allo. Manhajar da ake tallata musu da Faransanci take magana. Ke nan a mai da mutumin da ya shekara 40 yana riƙe da lissafinsa jahili, sai ya kira yaro ya duba masa dukiyarsa.

Za a ce gobara na cinye takarda. Sai ka ce waya ba ta ƙonewa, ba ta faɗawa ruwa, ba a fizge ta a cunkoson Alhamis, ranar kasuwa. Ɓarawo na da inda zai sayar da salula, wa zai sayi tsohon kaye?

Waya ta tsaya a aikinta: kira, tambayar farashi a Kano ko Maraɗi, aika kuɗi. Shugabannin 'yan kasuwa su fito su gaya wa mutanensu kada wanda ya yarda a raba shi da littafinsa. Mai tsoron gobara ya riƙe biyu, ɗaya a kanti ɗaya a gida.