Wai Ni Ne Na Shiga Gaban Motarsa

Shekara 23 ke nan ina taka keke a garin nan na Damagaram, daga Garin Malam zuwa lakwal ɗin da nake koyarwa, safe da yamma, hunturu da bazara. An zage ni, an fallatsa mini ruwan kwata da damina, an matse ni na faɗa rairayi ban san sau nawa ba. Duk na shanye. Amma abin da wani yaro ya yi mini ranar Talata, yau ga shi Jumma'a, har yanzu yana tokare a maƙogwarona, tuwo ma da ƙyar yake wucewa.

Ƙarfe bakwai da rabi ta ɗan gota. Na ɗaure kaye 46 na 'yan ajina bisa kariya da igiyar roba, waɗanda na kwana ina gyarawa da tocila saboda an ɗauke wuta (wannan kuma wani kukan ne, a bar shi ya kwanta). Na iso shataletalen da ke kan hanyar Kasuwar Dole. Kun san wurin da safe: kabu-kabu, adaidaita, amalanken jaki, 'yan ga-ruwa suna tura kura, kowa yana neman ya riga kowa. Ina can ƙarshen dama, inda kwalta ta ƙare yashi ya fara, wato wurin da aka bar mana gado. Sai ga wata kat-kat fara fes, gilashinta baƙi wuluk, ta zo ta wuce ni, ba odar gargaɗi ba wutar kwana, ta karya dama a kan hancina. Na kama birki biyu, ina! Gefen motar ya ɗauki ƙafar gaba, ni da keke da kayen yara muka zube.

Ina ƙasa, gwiwar wando ta yage, jini yana tsattsafowa, tafin hannu ya cika da tsakuwa. Motar ta tsaya. Na ce a raina to, alhamdu lillahi, ɗan mutunci ne.

Ƙofa ta buɗe. Ƙamshin turare ne ya fara fitowa, sannan takalmi, sannan shi. Yaro ne, in ya yi yawa shekara 25, sa'an ɗana na biyu. Shadda tana ɗaukar ido, waya a kunne, bai ma katse kiran ba. Ya zagayo ta gabana, ya tsallake kaye biyu, ya taka na uku, ya je ya durƙusa gaban ƙofar motarsa. Ya lashi yatsa. Ya goga wurin da kan kekena ya ɗan karce fenti. Ya sake lasa, ya sake gogawa, a hankali, kamar uwa tana duba ƙurji a jikin jinjiri. Sai da ya gama jinyar ƙarfensa tukuna ya waiwayo ya tuna akwai wani abu a ƙasa.

"Kai mai keke, makaho ne kai?"

Kai. Mai keke. Furfura ta cinye mini gemu, a garin da yaro yake tuɓe takalmi tun daga nesa in zai gai da sa'an ubansa. Ba Baba, ba Malam, ba Mushe. Sunana ya ɓace, shekaruna sun ɓace, na koma sunan abin hawana.

Na dafa ƙasa na zauna, na ce masa, "Samari, ka fara da sannu mana. Mutum fa ka kaɗe."

Ya ce wa na cikin waya, "Bari zan kira ka, wani tsoho ne ya faɗo mini." Ya faɗo mini! Kamar mangwaro. Sannan ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Wa ya kaɗe ka? Kai ka shigo gabana. Ka san nawa ake fentin ƙofar nan?"

Na ce, "Ban sani ba, ɗana. Gwiwa dai na san ba a sayar da ita a Dole."

Wasu 'yan kabu-kabu suka yi dariya, abin ya ƙona masa rai. Sai ya ɗaga murya don kowa ya ji: "Gudron ɗin nan don mota aka yi shi. Mu ke biyan binyet, mu ke biyan asirans, mu ke sayen esansi. Kai me kake biya? Iska kake ɗurawa a taya, ita ma kyauta!"

Wallahi a lokacin bakina ya mutu. Amsar sai da dare ta zo mini, ina kwance gwiwa tana zogi, yadda amsoshin kirki suka saba zuwa bayan an watse. Da na ce masa duk wata sai an yanki haraji a albashina tun kafin ya iso hannuna. Da na ce masa sukari da sabulu da katin waya da nake saye duk akwai rabon gwamnati a ciki. Da na ce masa ni da kekena in aka ɗora mu a sikeli ba mu kai kilo 90 ba, mu shekara ɗari muna bin kwaltar nan ba za mu yi mata ramin da kamiyo guda yake yi da damina ɗaya ba. Ban faɗi ko ɗaya ba. Ina zaune ina kakkaɓe tsakuwa.

Can sai ga jami'in da ke tsaye a wurin ya taho, tafiyar ƙasaita, usur a baki. Na ce yawwa, hukuma ta iso. Ya fara da mai motar: "Alhaji, lafiya dai ko? Ba abin da ya samu motar?" Alhaji! Yaron da na tabbata ko Agadas bai taɓa zuwa ba balle Makka. Sannan ya juyo kaina: "Baba, tashi ka kwashe kayanka, kana tare hanya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina so a yi konsta, a rubuta yadda hatsarin ya faru."

Ya cire usur daga baki don ya ji daɗin dariya. "Konsta? A kan keke? Baba ka gode wa Allah da ka tashi da ƙafarka."

Jama'a kuma suka ɗauki waƙar da muka iya duka: yi haƙuri Malam, tsautsayi ne, Allah ya tsare gaba. Ni aka kaɗe, ni aka zaga, ni ake ba haƙuri. Ba wanda ya ce wa yaron kanzil. Wata baiwar Allah mai suyar ƙosai ce kaɗai ta bar kaskonta a wuta, ta bi kayen nan ɗaya bayan ɗaya tana tsincewa tana gogewa da bakin zane, ta miƙo mini tana cewa, "Sannu Mushe, Allah ya saka maka." Ɗaya daga ciki, na wata yarinya da ta fi kowa kyan rubutu a ajin, shatin takalminsa yana nan a kai har yanzu.

Ya shiga mota, ya tayar. Ya ɗan sauke gilashi kamar faɗin yatsa huɗu, ya jefo takardar dala ɗari. Ba a hannuna ba, a ƙasa. "Ga shi a yi faci." Ƙafar gaba ta lanƙwashe kamar lauje, wayoyinta bakwai sun tsinke, shi kuma faci yake gani. Ban ɗauka ba. Wani almajiri ya dube ni, na gyaɗa masa kai, ya ɗauke. Na saɓi kekena a kafaɗa kamar gawar akuya na ratsa kasuwa da shi.

To amma in na ce zan zauna ina tsine wa yaron nan kaɗai na yi asarar yawu. Ba shi ya ƙirƙiro maganar ba, gaya masa aka yi. Hanyar da kanta ita ta gaya masa. Lokacin bikin 18 ga Disamba na 2018, da aka yi Zinder Sabuwa, mun ga kwalta, mun ga fitilu, mun ga shataletale da ado, muka yi tafi har hannu ya yi ja. Ni dai na taka garin nan lungu da saƙo, ban ga inda aka ja ko layin fenti guda aka ce nan na masu keke ne ba. Abin da ya rage mana shi ne bakin hanya, bakin hanya kuma na yashi ne. Iskar hunturu ta kwaso ta zuba, ruwan damina ya ƙaro, ba mai sharewa. Mai mota bai san abin da yashi yake yi wa siririyar taya ba: tana shiga sai kan keke ya ƙwace, ka tafi inda ba ka nufa ba. In ka guje wa yashi ka hau kwalta, ga sitarne, babbar motar dakon mai, a bayanka tana huci. Gaba kura, baya siyaki. Inda yashi ya ɗan yi sauƙi kuma mai tebur ya kafa, mai shago ya fito da firiji, wani ya ajiye mota ya tafi shan shayi.

Garin nan mararraba ce. Babbar hanyar Yamai zuwa Difa ta nan ta ratsa, ta Agadas zuwa Magarya da iyakar Najeriya ma haka. Tun da aka buɗe matatar mai a hanyar Tanut a 2011 manyan motoci suka ƙaru, kuma duk a kan kwaltar da 'yan mata 'yan koleji suke taka keke da jakar littafi a baya. Ku tsaya da safe ku gani, yarinya 'yar shekara 13 tana neman hanya tsakanin taya goma sha takwas da ramin kwata. Wanda ya zana hanyar, 'yarsa direba ke kai ta.

Kada wani ya ce mini ai hanyar keke abin Turawa ce. Ouagadougou, babban birnin Burkina Faso, ba Turai ba ce, zafinsu irin namu, talaucinsu ƙanen namu. A manyan titunansu an ware wa masu ƙafa biyu gefensu, mace da goyo da tulin kayan miya tana taka kekenta ba mai yi mata kallon mahaukaciya, kuma tun 1987 suke tseren keke na zagayen ƙasa. Su Holan ɗin ma da ake ba da labari ba daga sama hanyoyin keke suka faɗo musu ba. A 1971 mota ta kashe musu mutum sama da 3,000, yara fiye da 400 a ciki, iyaye suka fito suka tare tituna har hukuma ta ji. Mu nan in mota ta kashe yaro sai mu shimfiɗa tabarma kwana uku, mu ce kwanansa ne ya ƙare, mu naɗe.

Mu ma jama'a ai da namu. Babana ya sayi Raleigh da kuɗin gyaɗa, ranar da ya shigo da shi unguwa har guɗa aka yi, ana goge shi da tsumma kamar dokin Sarki. Yau mai keke shi ne wanda duniya ta juya wa baya. Saurayi ya je zance da keke, ƙannen yarinyar ma ba za su kawo masa tabarma ba. Abokan aikina suna tsokanata, "Mushe har yanzu ba a ci gaba ba?" alhali rabinsu bashin babur ne ya shaƙe su. Uba ya saya wa ɗan shekara 14 babur, ba permi, ba hular kwano, ya sake shi cikin gari yana tayar da ƙafar gaba, ana ce masa gwani. Ku leƙa asibiti ɓangaren masu karaya ku ga inda gwanintar take kwana.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Watan Maris na 2025, da esansi ya yi ɓatan dabo a ƙasar nan, na ga masu kat-kat sun yi layi a gidajen mai tun asuba, rana tana dafa su, wasu da jarka a hannu. Ni kuwa na wuce su ina kaɗa ƙararrawa, da iskata ta kyauta a taya, ban makara ko minti guda ba. A makon nan mutum uku suka zo aron kekena. Mai ya dawo, gaisuwa ta ɗauke.

Me muke roƙo ne ma da ya gagara? Ba gada muka ce a gina mana ba. A share yashin bakin kwalta ko sau ɗaya a wata. A ja layi, a sa ɗan dakali da zai raba mu da kamiyo a manyan hanyoyi. A sa tudun rage gudu a ƙofar kowace makaranta. A hana sitarne ratsa tsakiyar gari lokacin da yara ke tafiya lakwal da lokacin tashi. In an kaɗe mai keke a rubuta a takarda kamar yadda ake rubutawa in an karce fenti. Kuɗin wannan duka bai kai na motoci biyu cikin jerin gwanon da ke raka babban mutum buɗe taro ba. Amma wa zai kawo maganar? Masu yanke shawara ba su san garin ba sai ta bayan baƙin gilashi, da sanyin na'ura yana busa su. A garin da ya riƙe babban birnin ƙasar nan har zuwa 1926, ruwan famfo ma da roƙo muke samu, balle a tuna da mai keke.

Tun 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke. Na yi magana da mai gyaran unguwarmu, da masu kawo madara da itace daga ƙauye, da wasu ɗaliban jami'a. In Allah ya kai mu ranar, za mu nemi izini mu taru a ƙofar Fada, mu taka a jere har Dole, a tsakiyar kwalta, sannu a hankali, kowa da ƙararrawarsa. Masu oda su yi ta dannawa, ranar su ma su ɗanɗana haƙurin da suke ba mu.

Kafin nan dai mai gyara ya ce ƙafar ba ta miƙuwa, sai sabuwa, jika shida da kuɗin aiki, wata kuma saura kwana 11 ya mutu. Jiya da yau a ƙasa na je lakwal, ina ɗingishi. Yarinyar nan ta karɓi kayenta, ta ga shatin takalmi a kan rubutunta, ta ɗago ta ce, "Mushe, wa ya taka mini?" Na ce mata ta buɗe shafi na gaba.