Ka Zo da Hayaƙin?

(Wani ofishin kula da muhalli a Kano. Akawu na ɓarar gyaɗa, Masinja na gyangyaɗi a kan benci.)

MAI UNGUWA: Salamu alaikum. Malam Akawu, maganar hayaƙin kamfanin nan na bayanmu ce ta sake kawo ni. Yara tari, tsofaffi asma, ko shanya ta gagare mu.

AKAWU: Sannu da zuwa, Baba. Ka zo da hayaƙin?

MAI UNGUWA: In zo da shi a me? A buhu?

AKAWU: Ai mu nan da hujja muke aiki.

MAI UNGUWA: (ya warware riga) Ga hujja. Farar shaddata ce ta Juma'a.

AKAWU: Baba, wannan ai baƙa ce.

MAI UNGUWA: Abin da ya kawo ni ke nan!

AKAWU: Hazo ne.

MAI UNGUWA: Hazo a watan Agusta, ana tsakiyar damina?

AKAWU: To tsaya. Hayaƙin nan yana sama ne ko ya sauka?

MAI UNGUWA: Da bambanci ne?

AKAWU: Babba ma. In yana sama, na tarayya ne, sai ka nemi NESREA, hukumar kula da muhalli ta ƙasa, don irin wannan aka kafa ta a 2007. In ya sauka a kan rufi, namu ne na jiha. In ruwa ya wanke shi zuwa kwata, ya zama na ƙaramar hukuma.

MAI UNGUWA: In ya shiga ƙirjin jikana fa?

AKAWU: Ya bar hannunmu, ya koma Ma'aikatar Lafiya.

MAI UNGUWA: Ikon Allah! Ba ku da na'urar auna iska ne?

MASINJA: (ya buɗe ido ɗaya) Akwai, Baba. Tana cikin kwalinta. Oga ya ce kada a fito da ita, ƙura za ta lalata ta.

AKAWU: Kai, wa ya sa da kai? Baba, bara ai mun je. Muka aika musu takarda mako biyu kafin zuwanmu, suka turo mana mota, muka tarar da wuri tas. Har lemo suka ba mu.

MAI UNGUWA: Da dare suke kunnawa, ɗana.

AKAWU: Mu kuma ƙarfe huɗu muke tashi. Ka gode wa Allah ma, mutanen Fatakwal tun 2016 suka fara kukan baƙar ƙurar hayaƙi. Kuma ka duba Sharaɗa da Challawa da Bompai, kamfani nawa ya rage? Wanda ke numfashi kake so a rufe?

MAI UNGUWA: Shi yana numfashi, mu ne ba ma yi. Ban ce a rufe ba, cewa na yi a sa wa bututun abin tace hayaƙi.

AKAWU: Rubuto takarda kwafi uku, a kafa kwamiti.

MAI UNGUWA: Shi ke nan, ba gaggawa. Dama tun jiya iska ta juya, ya bar mu ya nufi GRA.

AKAWU: (gyaɗa ta zube) GRA? Inda gidan Oga yake? Masinja, mota!

MASINJA: Babu mai, yallaɓai.

AKAWU: Ungo, daga aljihuna!

MAI UNGUWA: Alhamdulillahi, yau za a gyara ke nan?

AKAWU: Yau ɗin nan, Baba. Za mu ce su karkata bakin bututun, ya koma wajenku.