Baffa da Dawakin Falona

Hoton ingarmu biyu ne suna faɗa a cikin gajimare, akawal (baƙi) da kili (fari), kowanne da fukafukai, gezar akawal ɗin kuma harshen wuta ce. Na kai shi wani shagon buga hotuna a Wunti aka fitar mini ƙafa 4 da ƙafa 3. Mai son yin haka ya nemi asalin hoton, kusan ɗigo 7200 a tsawo da 5400 a faɗi, wato 150 a kowane inci. Wanda ya biyo ta WhatsApp an matse shi, da an buɗa shi sai kofato ya koma curin fura.

Na rataye shi a falo na gayyato Baffa, wanda tun ina yaro yake shirya dawaki zuwa Hawan Daushe, don ya yaba.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wa ya kwance su daga turke?"

Na ce, "Baffa, zane ne na ƙaga, a sama suke."

Wutar ba ta dame shi ba. Akawal ɗin ma ya ba shi maki. Kunnuwa a kwance sun manne da ƙeya, hanci a buɗe, haƙora sun nufi wuyan abokin faɗa, nauyin jiki duka a kan ƙafafun baya da suka ɗan lanƙwashe. Haka ingarma yake faɗa: ya miƙe, ya kai duka da ƙafafun gaba, ya ciji wuya ko gwiwa don ya durƙusar da ɗan'uwansa, in bai samu ba ya juya ya yi harbi. Kilin ne ya ɓata masa rai. Kunnuwansa a tsaye suna kallon gaba. Baffa ya ce wannan dokin ba faɗa yake ba, motsin kwanon dusa ya ji. Fukafukan kuwa sun tsiro daidai inda sirdi yake zama, to ta ina majayi zai bi?

Ni kuma na tsaya kare kilina. Na ce mai zane ya karkatar da jikinsa ne don ido ya bi layin daga wutsiya zuwa baki, kuma irin tsayuwar tana yiwuwa. Baffa ya ce in gwada. Na tattare babbar riga, na ɗaga hannuwa, na tsaya da ƙafa ɗaya na karkace kamar yadda aka zana. Nauyi ya rinjaye ni, na yi baya na zauna daram a cikin tiren kunun gyaɗar da Hajiya ta shigo da shi yanzun nan.

Baffa bai yi dariya ba. Ya leƙo ya duba ni da kyau, ya ce wa Hajiya, "Kin gani? Shi ma kunnuwansa a tsaye suke."